Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Mayar da Zance Zuwa Sigar Aljabara

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan wata daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka zo, kuma kusan duka a kan abu ɗaya suke, wato tambayoyin lissafi da ake bayarwa cikin zube, a ce wa ɗalibi ya mayar da su haruffa da lambobi. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, kuma na cire sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne a ƙasar Auyo. Ban yi boko mai zurfi ba, amma ba a cutata a lissafin kasuwa. Ɗana yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, kuma yana da kai, domin shi nake sawa ya lissafa mini kuɗin 'yan ƙwadago. An ba shi aikin gida kamar haka: manomi ya sayar da buhu n na shinkafa, kowane buhu naira 40,000, sannan ya biya naira 6,000 kuɗin mota, a rubuta abin da ya rage a hannunsa. Yaron ya ce ba zai iya ba tunda ba a faɗi ko buhu nawa ne ba, ni ma kuma na ga gaskiyarsa. Mene ne amfanin lissafin da ba shi da amsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗanka yana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin babu mahalukin da zai iya faɗin kuɗin da ya rage a hannun manomin nan muddin ba a san yawan buhunan ba. Sai dai ba kuɗin aka tambaye shi ba. An nemi ya rubuta hanyar da ake bi a samo kuɗin, sau ɗaya tak, ta yadda ko buhu biyu aka kai kasuwa ko ɗari biyu, wannan rubutu zai yi aiki ba sai an sake tunani daga tushe ba. Wannan rubutu shi ake kira sigar aljabara, kuma shi kansa shi ne amsar da malaminsa yake jira.

Hanyar da na fi amincewa da ita wajen nuna wa yaro wannan ita ce a ajiye harafin a gefe tukuna, a koma ga lambobin da ya saba da su. Ka ce masa buhu uku aka sayar. Yaro irin naka zai ce maka naira 114,000 kafin ka rufe baki, to sai ka ce ba wannan kake so ba, kana so ya rubuta abin da ya yi a ransa kafin ya kai ga wannan adadi, kuma kada ya ninka, kada ya ɗebe, ya bar lambobin yadda suke. Sannan ka sauya masa zuwa buhu biyar, sannan goma sha biyu, yana jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya:

40,000 × 3 − 6,000
40,000 × 5 − 6,000
40,000 × 12 − 6,000

Sai ka tambaye shi abin da yake sauyawa daga layi zuwa layi da abin da yake zaune daram. Zai ga 40,000 ba ta motsa ba, 6,000 ba ta motsa ba, alamar ninkawa da ta ɗebewa suna nan, gurbi ɗaya ne kawai yake canza lamba, kuma a wannan gurbi harafin zai zauna. Layi na huɗu ke nan, 40,000 × n − 6,000, wanda ake taƙaitawa a rubuta 40,000n − 6,000, saboda masu lissafi sun yi ittifaƙi a kan cewa idan lamba ta manne da harafi babu alama a tsakaninsu, ninkawa ake nufi. Matsayin harafin a nan kamar na wakili ne a wurin ɗaurin aure: mai abin bai halarta ba, amma ana gudanar da komai da wakilinsa tamkar shi ne a zaune.

Idan ya gane wannan, ka ɗan sauya labarin domin ka tabbatar ba hadda ya yi ba. A ce direban bai yarda da jinga ba, ya ce naira 500 zai karɓa a kan kowane buhu. Yanzu kuɗin mota ma ya rataya a kan yawan buhuna, don haka shi ma dole ya ɗauki harafi, sigar ta zama 40,000n − 500n, wato 39,500n. Yara da yawa za su rubuta 40,000n − 500 saboda sun kwaikwayi siffar amsar farko, alhali ma'anar abin da suka rubuta ita ce direba ya kwaso buhunan gaba ɗaya a kan naira ɗari biyar. Kai da kake kai kaya Haɗeja ka fi ni sanin cewa ba a haifi wannan direba ba, kuma ɗanka ma zai gane hakan da zarar ka sa ya karanta maka sigar da baki, ɓangare-ɓangare, yana faɗin abin da kowane ɓangare yake nufi a kasuwa.

Rashin natsuwar da ku biyu kuka ji kuwa ba abin mamaki ba ne. Shekara shida yaro yake yi a firamare ana koya masa cewa kowace tambaya da lamba ɗaya take ƙarewa, sai rana ɗaya a ce masa ya tsaya a rabin hanya. Masana lissafi na duniya su ma sun daɗe kafin su kai ga wannan rubutu. Muhammad bn Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin da ya kafa wannan fanni a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun, bai yi amfani da harafi ko alama ba, da zance ya rubuta tambayoyinsa da amsoshinsu. Alamar daidai da muke ja da layi biyu sai a 1557 Robert Recorde ya shigo da ita a Birtaniya, al'adar sa x da y da z a madadin abin da ba a sani ba kuwa daga Bafaranshen nan René Descartes ta yaɗu, a 1637. Abin da ya ɗauki masana kimanin shekara 800 shi ake so ɗan aji ɗaya ya haɗiye cikin zangon karatu guda, don haka ka yi masa uzuri idan ya ɗan yi tirjiya.

Tambaya: Malam, ina wuni? Ni ɗaliba ce a aji biyu na ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. A gwajin da aka yi mana an ce a ɗebe 7 daga y, na rubuta 7 − y. An kuma ce a wani garke yawan tumaki ya ninka yawan shanu sau huɗu, a rubuta wannan da t da s, na rubuta 4t = s. Malaminmu ya soke duka biyun, ni kuwa kalmomin na bi tiryan-tiryan yadda suka zo. Ina kuskurena yake?

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Kin faɗi kuskuren da bakinki, wato bin kalmomi yadda suka zo, domin jerin da zance yake bi daban, jerin da alamomin lissafi suke bi daban. Ki ɗauka kina da goro goma aka ce a ɗebe bakwai daga ciki. Bakwai aka fara ambata, amma a takarda 10 − 7 za ki rubuta, saboda abin da ake ɗiba daga cikinsa shi yake fara zama. Haka nan y − 7. Tarawa da ninkawa ba su damu da wanda ya riga wani ba, 7 + y da y + 7 abu ɗaya ne, amma ɗebewa da rabawa ba su da wannan sassauci. Idan kin rikice, ki tuna yadda kakanninmu suke ƙirga ashirin ba biyu suna nufin goma sha takwas: babban adadin a gaba, abin da aka cire a baya.

Tambayar garken ta fi zurfi, kuma ina so ki bi ni a hankali. Ki zaɓi yawan shanu da kanki, a ce biyar ne. Tumaki nawa ke nan? Ashirin. Yanzu ki zuba waɗannan lambobi cikin abin da kika rubuta: 4t = s zai zama 4 × 20 = 5, wato tamanin daidai yake da biyar, wanda kowa ya san ba haka ba ne. Abin da yake daidai shi ne t = 4s, domin 20 = 4 × 5. Abin da ya ja ki shi ne kin hango tumaki huɗu tsaye kusa da saniya ɗaya, sai kika manna 4 a jikin t. Amma t ba tunkiya ba ce, yawan tumakin ne, s kuma yawan shanun ne, kuma alamar daidai tana cewa adadin da ke hagu da adadin da ke dama ɗaya ne. Tunda shanu ne kaɗan, yawansu ne yake bukatar a ninka shi kafin ya kamo yawan tumaki.

Kada wannan ya karya miki gwiwa, domin manya ma suna faɗawa wannan rami. A farkon shekarun 1980, John Clement da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun ba ɗalibai 150 masu koyon aikin injiniya a shekararsu ta farko tambaya irin taki, cewa a wata jami'a yawan ɗalibai ya ninka yawan malamai sau shida, kuma kashi 37 cikin ɗari suka kasa rubuta ta daidai, yawancinsu ta hanyar juya haruffan kamar yadda kika yi. Waɗannan mutane ne da suka wuce sakandare da sakamako mai kyau a lissafi.

Maganin abin ba shi da wuya, sai dai yana son a mayar da shi ɗabi'a: kada ki miƙa wa malami wata siga sai kin gwada ta da lamba, domin gani ya kori ji. Wajen zaɓen lambar gwaji kuma ki guji sifili da ɗaya da biyu, saboda suna ɓoye kuskure. Misali, 2 + 2 da 2 × 2 duk huɗu suke bayarwa, don haka wanda ya rubuta tarawa a gurbin ninkawa ba zai gane ba idan da biyu ya gwada. Ki ɗauki biyar, ko bakwai, ko goma.

Tambaya: Sallama, Malam. Ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Kura. Babbar matsalata ita ce ɗalibai suna rubuta 3a + 2t = 5at, wasu ma su ce 5 + n daidai yake da 5n. Nakan ce musu a akuya ce, t tunkiya ce, kuma ba a tara akuya da tunkiya. A aji sai su ce sun gane, a jarrabawa kuma su koma gidan jiya. Wace dabara za ka ba ni?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki. Zan faɗa maka ra'ayina kai tsaye tunda abokin sana'a ne kai: misalin akuya da tunkiya yana cikin abin da yake jawo matsalar, duk da cewa ya yaɗu a azuzuwanmu, kuma yawancinmu da shi aka koya mana. Yaron da ya tashi cikin kiwo ya san akuya uku da tunkiya biyu dabbobi biyar ne, kullum da yamma haka yake ƙirga su idan sun dawo, to da ka ce masa ba a tara su, ya yi shiru ne saboda ladabi, bai yarda ba. Sannan misalin yana koya masa cewa harafi sunan abu ne a taƙaice, kuma daga nan ba shi da abin da zai yi da a × t, domin akuya sau tunkiya ba ta da ma'ana, haka nan idan aka ce masa a = 4 zai rasa yadda akuya ta zama huɗu.

Ka bar dabbobin a cikin labarin, amma ka mayar da haruffan lambobi. Ka ce a farashin akuya ɗaya ne, t farashin tunkiya ɗaya, wani mutum ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sayi awaki uku da tumaki biyu. Abin da ya kashe shi ne 3a + 2t. Sai ka bar ɗaliban su yanka farashi da kansu, a ce sun ce akuya naira 30,000, tunkiya naira 50,000. Sigar farko za ta ba da 90,000 + 100,000, wato naira 190,000. Sannan ka sa wanda ya rubuta 5at ya fito allo ya lissafa tasa: 5 × 30,000 × 50,000, naira biliyan bakwai da rabi a kan dabbobi biyar. Dariyar da ajin zai yi za ta zauna a ransu fiye da kowace doka da za ka rubuta musu su haddace.

Shi kuwa mai cewa 5 + n daidai yake da 5n, yana da dalilinsa, kuma ya kamata mu san shi. Duk tsawon firamare, manne lambobi biyu tarawa yake nufi: 53 hamsin ne da uku, 5½ biyar ne da rabi. Sai a aljabara ne mannewa ta koma ninkawa, kuma sau da yawa ba ma tsayawa mu faɗa musu ƙarara cewa doka ta sauya. Ka faɗa musu, ka maimaita, sannan ka sa su gwada da n = 10 su ga 15 a gefe ɗaya, 50 a ɗaya gefen.

Akwai abubuwa biyu da zan so ka tilasta a ajinka. Na farko, kada ka karɓi amsar da ba ta fara da layin bayanin harafi ba, kuma bayanin ya zama cikakke: a rubuta cewa b yawan buhuna ne, ko b nauyin buhu ne, ko b farashin buhu ne, kada a rubuta b buhu ne kawai, domin waɗannan lambobi uku ne mabambanta. Na biyu, tunda littattafan da jarrabawar da Turanci suke, ka sa ɗalibi ya rufe littafi ya ba da labarin tambayar da Hausa kafin ya taɓa alƙalami. Wanda ya kasa ba da labarin, matsalarsa ta harshe ce, kuma ƙara masa darasin aljabara ba zai warkar da ita ba.

Ina kuma ƙin dabarar nan ta haddace kalmomi, a ce duk inda aka ga kalmar fifiko a tara, duk inda aka ga kalmar ragi a ɗebe. Idan aka ce yaya ta fi ƙanwarta da shekara huɗu, kuma shekarun ƙanwar k ne, to na yayar k + 4 ne. Amma idan shekarun yayar aka ba da, aka ce y ne, to na ƙanwar y − 4 ne, ga kalmar fifiko a cikin tambaya, ga ɗebewa a cikin amsa. Wanda ya dogara da kalma zai faɗi rabin irin waɗannan tambayoyi.

Batun baka ma, wato alamar ( ) da ake rufe lambobi a cikinta, da labari ya fi shiga. Ɗalibanka sun san dashen shinkafa. A ce kowane ɗan ƙwadago yana karɓar naira 2,500 ladan yini da naira 500 kuɗin abinci, kuma mutum m aka ɗauka. Mai gona zai biya (2,500 + 500)m. Wanda ya manta baka ya rubuta 2,500 + 500m, ya ciyar da kowa amma mutum ɗaya kawai ya biya lada, kuma da mutum takwas za a ga bambancin, naira 24,000 da naira 6,500. Daga nan ka juya aikin: ka rubuta musu 3k + 200 a allo, ka ce kowa ya ƙirƙiro labarin da zai dace da ita. Wani zai ce kwano uku na gero da kuɗin niƙa naira 200, wani zai kawo labarin da bai dace ba, kuma daga labaran da ba su dace ba za ka ga ainihin inda fahimtarsu ta karkace.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni limami ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma akan kira ni rabon gado. Jikana ya ce mini abin da nake yi da ƙirga a ƙasa aljabara ne. Shin gaskiya ne ana iya rubuta mas'alar gado da waɗannan haruffa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Jikanka bai yi kuskure ba, kuma kaso mai yawa na littafin Alkawarizmi da na ambata a sama a kan mas'alolin gado da wasiyya yake. Bari in kawo misali ɗaya, Malam ya duba ko ya yi daidai da abin da ya saba.

Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. A kira dukiyar da ta rage bayan jana'iza da bashi da wasiyya D. Matar tana da tumuni saboda akwai 'ya'ya, wato D/8, abin da ya saura wa 'ya'ya kuma shi ne D − D/8, wato 7D/8. A kira rabon 'ya mace ɗaya r. Tunda namiji yana da rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a aya ta 11 ta Suratun Nisa'i, kowane ɗa yana da 2r, kuma jimillar rabon 'ya'yan ita ce 2r + 2r + r + r + r, wato 7r. Wannan 7r ita ce 7D/8, don haka r daidai yake da D/8. Idan dukiyar naira 800,000 ce, matar ta ɗauki 100,000, kowace 'ya 100,000, kowane ɗa 200,000, kuma idan aka tara za a ga babu ko kwabo da ya yi saura.

Ana iya faɗaɗa sigar ta game kowane gida irin wannan: idan yawan 'ya'ya maza m ne, yawan mata f, rabon 'ya ɗaya shi ne 7D/8 a raba da (2m + f). Amma a nan ne ilimin Malam ya riga harafi, domin wannan siga tana da sharuɗɗa waɗanda ba su bayyana a jikinta. Idan babu ɗa namiji ko ɗaya ba ta aiki, saboda a lokacin 'ya ɗaya rabi take ɗauka, biyu zuwa sama kuma sulusi biyu. Idan mahaifiyar mamacin tana raye tana da sudusi, sai saura ya koma D − D/8 − D/6, wato 17D/24. Harafi yana sauƙaƙa ƙirga ne bayan an san masu gado da haƙƙin kowa, wannan kuwa aikin malaman fiƙihu ne da alƙalai. Haka abin yake a zakkar amfanin gona: idan hatsi ya kai nisabi, wusƙi biyar, kuma yawan buhunan n ne, wanda ruwan sama ya shayar n/10 ake fitarwa, wanda aka shayar da inji ko jigo kuma n/20.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Gumel. 'Yata ta yi amfani da harafin g a madadin farashin gyaɗa, yayanta ya ce dole sai x. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Hajiya, 'yarki ce. Idan tambayar ba ta ambaci harafi ba, ɗalibi yana da 'yancin zaɓen wanda ya ga dama muddin ya bayyana abin da yake nufi da shi, idan kuwa ta ambata, sai a bi wanda ta bayar. Ga mai koyo ma na fi son a guji x da farko, saboda a rubutun hannu tana kama da alamar ninkawa, kamar yadda o take kama da sifili, l kuma take kama da ɗaya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aji uku a ƙaramar sakandare a ƙasar Gwaram, muna shirin jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare. An ce wata gona mai kusurwa huɗu tsawonta ya fi faɗinta da mita 20, a rubuta sigar kewayenta. Ni na samu 4f + 40, abokina ya samu 4t − 40, mun yi ta gardama. Sannan ni na ƙara = 0 a ƙarshe domin in samu amsa, sai lamba maras ma'ana ta fito.

Amsa: Barka kadai, ɗana. Kai da abokinka duk kun yi daidai, kun dai shiga ta ƙofa daban-daban. Kai ka sa harafi a kan faɗi, tsawo ya zama f + 20, kewaye kuma f + f + (f + 20) + (f + 20), wato 4f + 40. Shi ya sa harafi a kan tsawo, faɗi ya zama t − 20, kewaye kuma 4t − 40. Ku gwada da gona mai faɗin mita 30 da tsawon mita 50: taka za ta ba da 4 × 30 + 40, tasa 4 × 50 − 40, duka 160. Da kowannenku ya rubuta ma'anar harafinsa a layin farko, da gardamar ba ta taso ba. Ni dai nakan ba da shawarar a sa harafi a kan ƙaramin adadi, domin sauran su fito ta tarawa da ninkawa, waɗanda kuskure ya fi ƙaranci a cikinsu, amma wannan sauƙi ne kawai, ba doka ba ce.

Ƙara = 0 kuwa kuskure ne na gaske, domin ka shigar da labarin da babu shi a cikin tambaya, ka ce kewayen gonar sifili ne, shi ya sa faɗinta ya fito ƙasa da sifili. Siga irin 4f + 40 tana bayyana wani adadi ne kawai, ba a warware ta, iyaka a taƙaita ta ko a zuba lamba a cikinta. Sai an ba ka wani ƙarin bayani da zai tsaya a ɗaya gefen alamar daidai sannan ta zama daidaito, a nemo darajar harafin. Da tambayar ta ce mai gonar ya kewaye ta da waya mai tsawon mita 200, zagaye ɗaya, babu ragi babu ƙari, to a nan za ka rubuta 4f + 40 = 200, ka ɗebe 40 daga kowane gefe ya rage 4f = 160, faɗi ya fito mita 40, tsawo mita 60. Abokinka kuma zai rubuta 4t − 40 = 200, ya samu tsawo mita 60, faɗi mita 40. A ɗakin jarrabawa ka karanta umarnin da kyau: idan an ce a rubuta siga, ka rubuta ka tsaya, idan an ce a nemo faɗi ko tsawo, ka duba cikin tambayar, za ka tarar an ba ka adadin da zai zauna a ɗaya gefen.